Tsarabar Faransa: wane biskit ɗin gwangwani zan sayo?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwas ɗinmu ya ƙare, ranar Lahadi zan baro Faris in sha Allah. Surukata ta ce ba ta son turare ko jaka, biskit ɗin man shanu take so, irin na gwangwani mai zane. Na shiga kanti na ga kala-kala, kaina ya ɗaure. A taimaka min da shawara.

Hajiya Damagaram: Wa alaikumus salam 'yata. Kafin zanen ya ja idonki, duba ko an rubuta "pur beurre" a jiki, wato zallar man shanu ne, ba a gauraya da man ganye ba. Sannan iri biyu za ki fi gani. Galette siriri ne mai ƙaras-ƙaras, palet kuma kauri gare shi, yana narkewa a baki kamar gireba. Ga tsohuwa palet ya fi, ba ya wahal da haƙori, musamman in ta tsoma a shayi. Na yankin Bretagne da man shanu mai gishiri suke yi, wannan ɗan gishirin ne ke hana zaƙin gundurar mutum.

Malam Sani: Ni La Mère Poulard nake sayowa, mai jan gwangwani. Sunan wata mata ne, Annette Poulard, da ta buɗe masauki a tsibirin Mont-Saint-Michel a 1888. Ana samunsa a filin jirgi, amma Maman Ilham ki daure ki shiga Monoprix ko wani babban kanti a cikin gari, ya fi sauƙin kuɗi.

Anti Bilki: Malam Sani, shi ma yana da daɗi, amma in gwangwanin ake so, biskit ɗin Traou Mad na garin Pont-Aven a Bretagne na fi so. Tun 1920 suke yi, kuma akwai gwangwanaye masu ɗauke da zanen Gauguin, wani shahararren mai zane da ya zauna a garin yana zane. Nawa gwangwanin shekara huɗu ke nan da na saya. Biskit ɗin bai yi sati ba yara suka cinye, gwangwanin kuwa yana kan madubina, matan Bretagne da fararen huluna a jikin murfin, ciki allura da zare da maɓallai. Duk baƙuwar da ta shigo sai ta ɗaga shi ta juya.

Maman Ilham: Anti, a ina zan same shi?

Anti Bilki: Gwada La Grande Épicerie, kan titin Sèvres, kusa da Le Bon Marché. In ba ki samu ba, na kamfanin St Michel ma ba ya ba da kunya, tun 1905 suke gasa galette, kuma kusan kowane kanti akwai.

Baban Khalifa: Ƙanwata, karanta abin da aka haɗa da shi. Gari, man shanu, sukari, ƙwai, gishiri, shi ke nan na asali. In kin ga "rhum" ko "alcool" ki ajiye, wasu kayan zaƙinsu ana ɗiga musu giya. Ki kuma guji mai cakulan, zafinmu zai narkar da shi tun kafin ki isa gida.

Hajiya Damagaram: Kuma don Allah kada ki jefa shi babban akwati haka nan. Bara na sa gwangwani biyu kusa da takalma, da na buɗe a gida ɗaya ya lotse, murfin ya tashi, biskit ya koma gari cikin atamfofi. Raina ya ɓaci sosai, don na yayata ne wadda ba ta da lafiya. Ki zagaye murfin da salatif, ki naɗe shi da mayafi, ko ki riƙe a jakar hannu.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri. Palet zan ɗauka wa Hajiyarmu, galette na yara. Anti Bilki, mai zanen matan zan nema gobe bayan azahar.

Anti Bilki: Sayo biyu ƙanwata, in kin ga zanen ba za ki iya rabuwa da shi ba. Allah ya kawo ki lafiya.