Yaron da ya yi ƙwacen waya: kurkukun manya ko gidan horo?

Mai shagon caji: Shekaranjiya da magariba aka sari ƙanena a tafin hannu saboda waya, sai da aka yi masa ɗinki bakwai. Wanda ya sare shi bai wuce shekara 16 ba. Ni a wurina, duk yaron da ya iya zare wuƙa ya girma. A kai shi kurkuku cikin manya kawai.

Malamar firamare: Allah Ya ba ƙanenka lafiya. Ba wanda ya ce a saki yaron. Dokar haƙƙin yara ta 2003 cewa ta yi wanda bai kai 18 ba shari'arsa daban, wurin tsare shi daban.

Mai shagon caji: Anti, a addini ai da balaga ake kama mutum, ba da 18 ba.

Baba tela: Ɗana, a kama shi, na yarda. Ina za a ajiye shi, nan ne maganar. Ina da almajiri da hannunsa ya fara faɗawa a aikin wuyan riga. Aka zarge shi da satar janareto, ya yi wata takwas yana jiran shari'a a ɗaki ɗaya da 'yan fashi. Da ya fito ya dawo kan keke, amma ƙafarsa ta kasa zama a kan feda, ko ƙofa aka buga sai ya zabura. Ya koyo ƙwaya a can. Bai yi wata biyu ba ya bi abokan da ya samo a ciki. Har yau almakashinsa na rataye a shagona.

Direban Adaidaita: To a kai su gidan mari mana, Baba.

Malamar firamare: Ka manta gidan marin Rigasa a Kaduna a 2019? Mutum sama da 300 'yan sanda suka fitar, wasu da sarƙa a ƙafa. Gidajen horon matasa na tarayya da aka daɗe da sani kuwa uku ne, Kaduna, Ilorin da Abeokuta, ga ƙasa mai jiha 36. A ƙara su, a sa masu koyar da sana'a na gaske.

Mai shagon caji: Baba, labarin yaronka ya taɓa ni wallahi. Amma kafin a gina, ƙanena ko cokali ba ya iya riƙewa. Iyayen wancan su fara biyan kuɗin magani, sannan mu yi zancen gyara.

Baba tela: Wannan haƙƙinku ne. Gobe bayan la'asar ka zo mu je wurin mai unguwa tare.