An haɗe kamfanin ruwanmu da wani, yanzu an turo mana bil na fam 612

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Ingila. Don Allah wanda ya san harkar ruwa ya taimaka, kaina ya kulle. Tun da muka tare a gidan nan, lokacin da aka yi wa maigidan canjin wurin aiki, ƙanwarsa kuma ta zo karatu ta zauna da mu, fam 38 ake cira mana duk wata, ba mu taɓa fashi ba. Sai wani babban kamfani ya saye ƙaramin da ke ba mu ruwa, aka rubuto cewa ba abin da zai canza. Can sai ga sabuwar lambar asusu, sai ga wasiƙa wai za su riƙa cirar fam 71. Haushi ya sa na soke izinin cirar kuɗin a banki. Yanzu ga bil na wata shida fam 612, ga wasiƙar gargaɗi. Za su yanke mana ruwa? Zan iya komawa wani kamfanin?

Injiniya: Wa alaikumus salam Hajiya. Duka biyun amsarsu a'a. Tun 1999 doka ta hana yanke wa gidan zama ruwa saboda bashi. Sauya kamfani kuwa 'yan kasuwa kaɗai aka ba wannan dama tun Afrilun 2017, gida yana tare da kamfanin yankinsa. Amma soke izinin nan kuskure ne. Bashin zai iya shiga tarihin bashinki, daga nan kuma kotu, ya zo ya hana ki samun haya ko lamuni. Ku nawa ne a gidan? Akwai mita? Kusa da karatun mitar da ke kan bil ɗin harafin A aka sa, wato an karanta mitar, ko E, wato ƙiyasi aka yi?

Baban Zara: Kada ki biya ko kwabo sai sun yi bayani. Ai doka ta ce ba a bin mutum kuɗin da ya wuce wata 12 baya. Mutanen nan suna raba riba ga masu hannun jari, suna zuba ƙazanta a koguna, sannan mu ake tatsa. Haɗewar ma don a ƙara kuɗi ake yin ta.

Injiniya: Malam, ƙa'idar wata 12 ta wuta da gas ce. A ruwa ana iya bin ka har shekara shida, kuma bil ɗinta na wata shida ne ma. Batun ƙari kuma, sayen kamfani ba ya ba shi ikon sa farashin da ya ga dama. Hukumar Ofwat mai sa ido kan kamfanonin ruwa ce ke yanke iyakar farashi duk shekara biyar. A Disamban 2024 ta amince da ƙarin kashi 36 cikin ɗari a matsakaici daga 2025 zuwa 2030, kuma mafi nauyinsa ya faɗo a Afrilun 2025, matsakaicin bil ya tashi da kusan fam 123 a shekara. Wannan ya shafi wanda aka saye da wanda ba a saye ba. An sha yin irin wannan saye: kamfanin Pennon ya sayi Bournemouth Water a 2015, Bristol Water a 2021, SES Water a 2024, Severn Trent ya sayi Dee Valley a 2017. Irin wannan ciniki sai hukumar gasa ta CMA ta duba shi, domin duk kamfanin da ya ɓace, Ofwat ta rasa ma'auni ɗaya na kwatanta aikin sauran. Inda haɗewa ke cizon mai gida shi ne wajen kwashe bayanai zuwa sabuwar kwamfuta: a ɗauko lambar mitar maƙwabci, ko a buɗe sabon asusu da ƙiyasi, ko rangwamen da kake kai ya faɗi a hanya.

Maman Hanif: Mu shida ne. Akwai mita amma tana waje cikin rami a bakin titi, ban taɓa buɗewa ba. Ni dai ban ga laifina ba, su suka ce ba abin da zai canza. An rubuta 240 a wurin yawan ruwan.

Injiniya: To ga lissafi. Mutum ɗaya yana cin kusan lita 140 a rana. Shida, lita 840. A wata shida kusan kubik mita 150 ke nan, kowane ɗaya lita 1,000. Ke an rubuta miki 240, akwai 90 da ba a san inda suka shiga ba. A sa sukuddireba a ɗaga murfin ramin, a cire soson da ke kai, a share gilashin a ɗauki hoto. Baƙaƙen lambobi su ne ake caji da su, jajayen lita ne. A gwada lambar jikin mitar da ta kan bil, harafi da harafi. In sun dace, a kashe makullin ruwa na cikin gida, yawanci yana ƙarƙashin wurin wanke-wanke a kicin, a karanta, a jira awa ɗaya, a sake karantawa. Ta motsa, bututun da ke tsakanin mita da gida ne ke yoyo, gyaransa na wanda ya mallaki gidan ne, in an gyara a nemi a yafe kuɗin ruwan da ya zube. Ba ta motsa ba, a koma banɗaki: bayan rabin awa da sakin ruwa, a goge bayan kwanon masai ya bushe, a manna takardar tishu. In ta jiƙe, robar tankin ta mutu. Wannan kaɗai na zubar da lita 200 zuwa 400 a rana ba tare da an ji ƙara ba.

Hajiya Babba: 'Yata, ki biya kawai ki huta, zaman baƙunta ba a yi da rigimar takardu. Sai dai ki tambaye su tsarin rangwame na WaterSure. In kina da mita, kina karɓar tallafin gwamnati, kuma da yara uku 'yan ƙasa da 19 ko mara lafiyar da ke buƙatar ruwa da yawa, ana ɗaure bil ɗin kada ya wuce matsakaici.

Baban Zara: Ta cire mitar ta huta. Gida mai mutum shida asara yake da mita.

Injiniya: Komawa tsohon tsarin biya ba da mita ba na wanda ya nemi mitar da kansa ne, cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Wanda ya tarar da ita a gida ba ya cirewa. Kuma Hajiya Babba, biyan 612 gaba ɗaya ba dole ba ne. Maman Hanif ta ci gaba da biyan abin da ba ta musu a kai, ta rubuta koke da hoton mitar, ta nemi a dakatar da bin bashin. Dole su amsa cikin kwana 10 na aiki. In ta bi matakan kokensu bai warware ba, ta kai wa CCW, hukumar da ke kare masu amfani da ruwa, kyauta ne.

Maman Hanif: Na gode. Yaranmu biyu ne, ba ma karɓar tallafi. Izinin dai ba zan mayar ba sai sun ba da haƙuri a rubuce. Mitar kuma sai maigidan ya dawo daga tafiya, ba zan durƙusa a bakin titi ina tonon rami ba.

Injiniya: Wasiƙar gargaɗin kwana nawa ta ba ku? Har yanzu kuma ba ki ce A ne ko E ba.