Hoton MRI na zuciyata ya fito lafiya, to me ya sa aka hana ni gudu?

Yayar Marigayi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata bakwai ke nan da ƙanina ya yanke jiki ya faɗi a filin ƙwallo, bai sake tashi ba. Shekararsa 24, ko kwana ɗaya bai taɓa yi a asibiti ba. Binciken da aka yi daga baya ya nuna ARVC ce, ciwon gado da ke sa tsokar zuciya ta riƙa komawa kitse da tabo, galibi a ɓangaren dama.

Likitan zuciya ya ce duk wanda ya fito ciki ɗaya da shi sai an duba shi. An yi min ECG, gwajin da ke auna wutar da ke sarrafa bugun zuciya, an ɗaura min na'urar Holta mai naɗar bugun zuciya ta awa 24, sannan MRI, hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu. Kusan awa guda ina kwance cikin bututun na'urar MRI, ana ce min "ja numfashi, riƙe", har na ji sanyin allurar da aka tura ta hannuna. Sakamako ya fito: babu tabo, girman zuciya daidai. Na yi kukan murna. Sai ga gwajin jini ya nuna ina ɗauke da canjin ƙwayar gado ta PKP2, irin ta marigayi. Likita ya ce in bar gudun asuba mai nisa, in dawo bayan shekara biyu a sake hoton. Idan hoto ya ce lafiya, me ake tsoro kuma?

Mai Ɗaukar Hoto:
Allah ya jiƙansa, 'yar uwa. Aikina ke nan kullum. Allurar da kika ji sanyinta gadoliniyam ce. Muna jira minti 10 zuwa 15 bayan an yi ta, domin tana saurin wankewa daga tsoka mai lafiya, amma tana maƙalewa inda tabo yake, sai wurin ya fito fari tas a hoto. A gefen irin wannan tabo ne wutar zuciya kan riƙa kewayawa, har ta haifar da mugun bugun da ke kayar da mutum.

Sai dai hoton abin da ke nan yau kawai yake nunawa. A ARVC, rikicewar wutar zuciya kan riga canjin tsoka bayyana, shi ya sa Holta da ECG ba sa kasa MRI daraja. Ƙa'idojin gano ciwon na 2010 ma ba su yarda hoto shi kaɗai ya yanke hukunci ba. Sai an haɗa da ECG, yawan bugun da ya kauce, da tarihin dangi. Ita kuma PKP2 aikinta ɗinke ƙwayoyin tsokar zuciya da juna. Idan ɗinkin ya yi rauni, motsa jiki mai tsanani na dogon lokaci yana ƙara yage shi. Likitanki na so hoton shekara biyu masu zuwa ya fito kamar na yau ne.

Ki kuma tabbata wanda ya saba da irin wannan ciwo ne ya karanta hoton. Bangon ɓangaren dama siriri ne ƙwarai, ana yin kuskure ta kowace fuska.

Baban 'Yan Biyu:
Ni nawa ciwon kaurin tsokar zuciya ne, wanda kan samu kusan mutum 1 cikin 500. Ban taɓa suma ba, lissafin haɗarina ya tsaya tsaka-tsaki, likitoci na ta kai-kawo a kan ko za a dasa min na'urar ICD, wadda ke girgiza zuciya da lantarki idan mugun bugu ya taso. MRI ce ta raba gardama: tabo ya cinye kashi 18 cikin ɗari na tsokar hagu, alhali ƙa'idar likitocin zuciya na Amurka ta 2020 ta ɗauki kashi 15 zuwa sama a matsayin alamar haɗari. Shekara uku ke nan na'urar na ƙarƙashin fatar ƙirjina.

Ƙanwar Kowa:
Yaya, ni Long QT nake da ita, wata matsalar wutar zuciya, hotona fes yake, kuma an ce da wuya ya taɓa nuna komai, domin matsalar a ƙananan ƙofofin da ke shigar da gishirin jiki cikin ƙwayoyin zuciya take. ECG ce ta kama ni. Haka ma masu Brugada, wani ciwon wutar zuciya na gado. Kada kyakkyawan hoto ya sa ki yi sakaci da maganar likita.

Yayar Marigayi:
Na gode muku ƙwarai. Na koma na duba takardar Holta da ban ma kula da ita ba, saboda murnar MRI. Akwai layin da ke ƙirga bugun da ya kauce, zan tambayi likita a kansa ranar Litinin. Takalman gudun na ajiye su, na koma tafiya a hankali. Abin da ya fi tsaya min a rai yanzu ɗana ne mai shekara 9, tun da damar ya gada rabi da rabi ce. An ce daga shekara 10 zuwa 12 ake fara duba yara. Akwai wanda ya taɓa kai ƙaramin yaro wannan hoton? Yaya ya yi da riƙe numfashin?