Shafin manhajata na lilo a iPhone, na rasa yadda zan tsayar da shi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa wa wani mai shagon atamfa a Kasuwar Barci manhajar karɓar oda da Cordova, wato kayan aikin haɗa manhajar waya da fasahar shafin yanar gizo. A Android lafiya lau. A iPhone kuwa, da an ja shafin ƙasa da yatsa sai ya biyo hannu kamar roba, sandar sama ta sauko, farin fili ya leƙo a bayanta. Mai shago ya ce abin bai yi kama da manhaja ba, kuma gaskiyarsa.

Na mayar da DisallowOverscroll true a config.xml, fayil ɗin saitin manhajar, babban shafi ya daina, amma div ɗin jerin kaya, wato ɓangaren shafin da ke ɗauke da jerin, yana nan yana lilo. Na ƙara overscroll-behavior: none, umarnin CSS na hana irin wannan lilon. Ya yi aiki a iOS 16, amma iPhone 7 ɗin yaron shago, da ta tsaya a iOS 15, ko gezau, kuma da ita ake duba oda kullum. Da na toshe touchmove, wato jan yatsa a kan allo, da preventDefault da passive: false, lilon ya tsaya, jerin ma ya ƙi motsi kwata-kwata.

Don Allah, ta yaya zan hana div ɗin nan lilo a iOS 15 ba tare da jerin ya daina tafiya sama da ƙasa ba?