Neman bodin tsohuwar mota da kayan gyara don haɗa motar tsere a Legas

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum. Ina da niyyar haɗa motar tsere irin wadda Amurkawa suka shahara da ita, wato a samu bodin tsohuwar mota, a rage masa nauyi, a ɗora masa inji mai ƙarfi. Wadda raina ya fi kwantawa da ita ita ce Ford ƙirar 1932, amma na zagaya kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo ban ga ko ƙyallinta ba. Don Allah masana, a ina ake samun irin wannan bodi a Legas, kuma ta ina ya kamata in fara?

Baba Makanike:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka cire ranka daga Ford ta 1932, domin ko a Amurka ta zama kayan masu hannu da shuni, har yawancin waɗanda ake gani a wajen tsere kwaikwayon bodinta ne da aka zuba da faiba. Ka dubi abin da ƙasar nan ta tara. Daga 1975 an shafe shekaru ana haɗa Peugeot 504 a Kaduna, an kuma haɗa Volkswagen Beetle a Ojo, kan hanyar Badagry, saboda haka gawarwakinsu suna nan birjik. Ita 504 ba baƙuwar tsere ba ce, ta lashe gasar Safari ta Kenya a 1975, kuma tayoyin baya ne suke janta, wanda shi ake so a irin wannan aiki.

Sai dai kada ka sayi bodin da ya tsufa a Legas. Iskar teku mai gishiri da ruwan da yake kwanciya a unguwanni da damina suna cin ƙarfe ta ciki, sai ka ga mota fes a ido, amma da ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka danna sukundireba sai ta huda ta wuce. Ka nemi wanda ya yi zamansa a Arewa inda iska take a bushe, ka sa a duba maka Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, a ɗoro maka shi a tirelar da za ta sauko. Duk inda za ka je dubawa ka riƙe maganaɗisu a aljihu, ka bi gindin ƙofofi da kewayen tayoyi da shi. Wurin da ya ƙi kamawa, cike aka yi aka rufe da fenti.

Alhaji na Owode:
Maganar Baba gaskiya ce, amma ban yarda a yanke hukunci a kan Legas gaba ɗaya ba. Akwai tsofaffin Marsandi da 504 da suka shekara da shekaru a rufe cikin garejin gidajen Ikoyi da Surulere, ruwa bai taɓa su ba, kuma idan magada suka tashi rabuwa da su, 'yan'uwanmu 'yan gwangwan suke kira. Matsalar ita ce mu a kilo muke saye, a kilo muke sayarwa, don haka mota ba ta daɗewa a fili kafin a sa mata wuta a yanka, a tura wa masu narka ƙarfe. Ka zo kasuwarmu ta tsofaffin ƙarafa a Owode Onirin ka gabatar da kanka, ka faɗi ƙirar da kake nema, ka kuma yi alkawarin ɗora wani abu a kan kuɗin kilo. Ka tabbata ka karɓi takardun mota, lambar shasi kuma ta dace da abin da aka rubuta.

Injiniya Ikeja:
Inji kam Ladipo ce gidansa. Ka nemi 1UZ, mai silinda takwas na Lexus LS400 da ta fito a 1989, wanda gangar jikinsa ta alminiyom ce, ga shi da juriya. Ka saye shi tare da giyarsa da wayoyinsa da ƙwaƙwalwarsa, wato kwamfutar da ke sarrafa shi, a ciniki ɗaya, domin neman su ɗaiɗai daga baya ya fi sayen injin wahala. Ka sani aksil da birkin 504 ba a yi su don wannan ƙarfi ba, dole a sauya su, a kuma ƙera kejin kariya a cikin motar da bututun ƙarfe marar ɗinki, ba bututun famfo ba.

Ɗan Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Alhaji, in sha Allahu ranar Asabar zan shigo Owode. Injiniya, shin injin zai zauna a gaban 504 ba tare da an yanka bangon da ya raba shi da direba ba?