Tayar hunturu mai araha: za ta kai ni Jabal Lauz ta dawo da ni Madina?

Abu Khadija, Madina

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan taya. A watan Janairu, in Allah ya yarda, ina so in kai iyali Tabuka, mu wuce wajen dutsen Jabal Lauz yara su ga dusar ƙanƙara da idonsu. Motar Camry ce, lambar taya 215/55 R17 94V, kuma waɗanda ke kanta ba su wuce shekara ɗaya ba. Na ga ana tallar tayoyin hunturu a intanet, masu hoton dutse da ƙwayar ƙanƙara a gefe, kuɗinsu bai kai rabin na manyan kamfanoni ba. Shin masu arahan nan suna riƙe hanya a kan dusar ƙanƙara da wurin santsi? Idan na dawo kuma, zan iya ci gaba da hawansu cikin gari har su cinye?

Mai Banshar, Jidda

Wa alaikumussalam Malam Abu Khadija. A taƙaice, kada ka saya. Amma bari in warware maka dalili, don ba wai tayar ce ba ta da amfani ba, wurin aikinta ne ba nan ba.

Tayar hunturu ta bambanta da tamu ta fuska biyu. Robarta mai laushi ce, an haɗa ta yadda ba za ta sandare ba idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. Tamu ta zafi kuwa a irin wannan sanyin taurin roba take yi kamar tsohon silifa, sai ta riƙa zamewa a kan kwalta maimakon ta kama. Sannan ka duba fuskar tayar hunturu da kyau, za ka ga kowane ƙulli na zanen an tsattsaga shi da siraran layuka kamar an bi da reza. Idan taya ta taka ƙasa tsagun nan buɗewa suke yi su ciji dusar, manyan ramukan kuma su cika da ita. Dusar da ta maƙale a ramin ita ke kama wadda ke ƙasa, kamar yadda ake dunƙula fura. Wannan aikin zane ne, kuma zane ba shi da wuyar kwaikwayo, shi ya sa mai arahar ma takan yi abin kirki a kan dusa mai taushi.

Matsalar tana hanya. Daga Madina zuwa Tabuka kusan kilomita 700 ne na busasshiyar kwalta, kuma ko a Janairu da rana zafi yakan haura digiri 20 a Madina. A nan laushin robar ya zama aibi. Ƙullayen zanen suna lanƙwashewa, sitiyari ya yi lako-lako, ka juya mota ta ɗan yi jinkiri kafin ta bi ka, birki kuma ya ƙara tsawo. Ka bar ta har bazara, lokacin da kwalta ke ƙona tafin ƙafa, za ka ga gefunan zanen suna gutsurewa, tayar ta cinye tun ba a je ko'ina ba.

Ka kuma duba harafin gudu. Taka V ce, wato kilomita 240 a awa. Yawancin na hunturu masu araha T ne, 190, wasu Q, 160. Wasu manyan hanyoyinmu iyakarsu 140, don haka mai Q ba ta bar maka tazara mai yawa ba, ga mota cike da iyali da kaya. Lambar 94 ɗin nan kuwa nauyi ce, kilo 670 kowace taya, kada a taɓa sa wadda ta gaza haka.

Injiniya Baba, Tabuka

Ɗan'uwanmu na Jidda ya yi bayani mai kyau, Allah ya saka. Zan ƙara a kan santsi, domin a nan mutane suke ruɗuwa.

Dusar ƙanƙara daban, daskararren ruwa daban. Tambarin dutse mai ƙololuwa uku da ƙwayar ƙanƙara a ciki shaida ce cewa an gwada tayar a kan dusa da aka danne, ta ci jarrabawa. Bai ce komai a kan ƙanƙara mai sulɓi kamar gilashi ba. Wannan tana da nata tambarin daban, wanda Tarayyar Turai ta sa a takardar taya tun 2021, kuma galibi tayoyin da aka yi wa ƙasashe irin su Finlan da Suwidin ne ke ɗauke da shi. Rubutun M+S (wato laka da dusa) kaɗai kuwa ba shaidar wani gwaji ba ce, kamfani ne ya rubuta abinsa. Jamus ma tun Oktoban 2024 ta daina karɓarsa a matsayin tayar hunturu.

A kan ƙanƙara, abin da ke zamar da mota wani siririn ruwa ne da ke kwance tsakanin taya da ƙanƙarar. Maganinsa ingancin haɗin robar, musamman sinadarin silika da ake zubawa, ko kuma ƙusoshin ƙarfe irin na Rasha da Nowe. A haɗin robar nan ne masu araha suke tsimi, saboda ido ba ya gani. Kuma wannan tsimin ne yake tona musu asiri a jiƙaƙƙiyar hanya. Ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC, tana gwajin tayoyin hunturu duk shekara, kuma abin da ke yawan maimaituwa shi ne mai arahar ta yi ƙoƙari a dusa, ta faɗi warwas a birkin kwalta mai ruwa. A yi misali da lissafi: a ce mota biyu na gudun 80, ɗaya ta tsaya a mita 35, ɗayar a mita 45. A daidai inda ta farkon ta tsaya cak, ta biyun tana gudun kusan 38. Mita goma a baki ba yawa, amma a gaban mota kisa ne.

Batun wurin kuma. Garin Tabuka bai kai mita 800 a tudu ba, Jabal Lauz ya haura 2,500, kuma tsakaninsu tafiyar kusan kilomita 200 ce. Dusar a saman duwatsu take sauka, a can da wajen tsaunukan Alƙan, ba kowane mako ba, kuma takan narke cikin kwana ɗaya ko biyu. Abin tsoro shi ne abin da ya narke da rana ya sake daskarewa da dare. Da asuba sai ka ga kwalta baƙa tana ƙyalli kamar an watsa ruwa, alhali ƙanƙara ce, musamman a kan gada da kwanar da inuwar dutse ta rufe. A irin wannan wuri nisan birki yana iya ninkawa har goma, kuma mai arahar nan ba za ta cece ka ba. Ka hau bayan rana ta ɗaga sosai, ka sauko kafin la'asar sakaliya. Ka bi sanarwar cibiyar hasashen yanayi, in kuma jami'an hanya sun tare, to a nan tafiya ta ƙare.

Abu Khadija, Madina

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. To Baba, idan na sayi biyu kawai na sa a gaba, tunda Camry da gaba take ja, in isa Tabuka a ɗaura min, ya kuke gani?

Injiniya Baba, Tabuka

A'a ɗana, don Allah kada ka yi haka, ya fi rashin sawa gaba ɗaya haɗari. Gaba zai kama, baya ya ƙi kamawa. Ka shiga kwana ko ka taɓa birki a gangara, bayan motar ne zai zagayo ya wuce gabanta, kuma sitiyari ba ya gyara wannan a hannun wanda bai saba ba. Tayar hunturu huɗu ake sawa ko a bari.

Direban Tirela, Ƙurayyat

Ni a ganina Malam kuɗin nan ka kashe su a wani wuri. Tayoyinka sababbi ne, ka tabbatar zurfin zanen ya kai milimita 4 ko fiye, ka duba ranar ƙira, wato lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefen taya, misali 3523 na nufin mako na 35 a 2023. Wannan ma wani dalili ne na gudun masu arahan intanet, sau da yawa tsofaffin ajiya ne da suka shekara huɗu ko biyar a sito, roba ta riga ta fara tauri, laushin da ake sayenta dominsa ya tafi.

Iska na raguwa da sanyi, kusan psi 1 (ma'aunin iskar taya) a duk digiri 6. Ka cika a Madina ana digiri 25, ka kwana inda ake ƙasa da sifili, ka yi asarar wajen psi 4. Da safe a Tabuka, kafin mota ta yi tafiya, ka auna ka mayar daidai da abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba. Kada ka sace iska kamar yadda ake yi a rairayi, wannan dabarar yashi ce.

In ka samu sarƙar taya ko rigar taya ta yadi mai lambar tayarka, ka riƙe a but. A tayoyin gaba ake ɗaurawa, kada a wuce gudun 50, kuma a cire da zarar an hau kwalta tsirara. Ka gwada ɗaurawa a ƙofar gida tukuna, domin da yatsu a sandare ba a koyon abu. Lagireto kuma, in ruwan famfo ne a ciki kamar yadda wasu ke yi a nan, a zubar a sa ruwan sanyaya inji na gaske mai haɗin rabi da rabi, tun a Madina. A gangara ka sa giya ƙarami inji ya riƙe motar. In dole ta kama ka taka birki da ƙarfi ka ji yana karkarwa a ƙafarka, ABS ne, na'urar da ke hana taya kullewa, yake aiki, kada ka ɗaga ƙafa.