Musayar Waƙa: Direban Kai Saƙo da Agogon Manaja

Sarkin Sito:
Jinjina ga direban da ke kai kaya,
Bai yar a ƙofa ba ya juya baya,
Ya hau bene da kwali bisa wuya,
Sai da tsohuwa ta sa hannu ya kama hanya.

Mai Agogo:
Sarki, yabo kyauta ne, ba ka biya,
Mintin da ya ɓata yana rubuce a waya,
Manhaja ba ta san bene ba balle wuya,
Gobe manaja zai kira shi, ba don dariya.

Hajiyar Lodi:
Mai Agogo, jinkiri daga lodi yake farawa,
Na ƙarshen sauka shi ake fara sakawa,
Mai nauyi ƙasa, tsakanin tayoyi yake zaunawa,
Mai fashewa kuma a sama, a ɗaure shi tamau da igiya ya bar motsawa,
In an hargitsa, kowace ƙofa sai an yi tonawa.

Malam Ma'auni:
Hajiya, ɗangonki na huɗu ya zarce 'yan'uwansa, kari ya karye. Amsa-amon "wa" kuma na arha ne, ko yaro ya iya.

Hajiyar Lodi:
Malam, kana ƙirga gaɓa kana zaune,
Gaɓar baya ce ke kuka a hawan bene,
A durƙusa da gwiwa, kwali a ƙirji, shi ne,
Mai sunkuyo da ƙugu majinyacin gobe ne.

Ɗan Kwalta:
Hajiya ta gama da Malam! A ba shi ruwa.

Mai Agogo:
Kai kullum bayan Hajiya kake, ko baiti ɗaya ba ka kawo ba.

Ɗan Kwalta:
Ga shi, Yaya, karɓi kar ka gudu:
Ninka gudu, nisan birki ya ninka huɗu,
A busasshen titi bar tazarar daƙiƙa 2,
In ruwa ya jiƙa kwalta mai da ita 4,
Iskar taya da safe ake aunawa, kafin ta yi gudu.

Malam Ma'auni:
"Gudu" sau biyu a ƙarshen ɗango? Haba, Ɗan Kwalta.

Sarkin Sito:
Mai Agogo, na iso a makare kamar saƙonka,
Gilashin da gaggawa ta fasa zai dawo sitonka,
Tafiya biyu, mai biyu, ga ƙorafi a kanka,
Je ka nuna wa manaja wannan a agogonka.

Malam Ma'auni:
Wannan baitin ya hau kari. Ɗango na uku dai yana ɗingishi.